Shigar da ƙirƙirarriyar basira aikin laburare a Kebbi da Zamfara: inda take amfani da inda take ɓarna

Laburaren da ke da ma'aikata kaɗan da kundayen ɗalibai jibge a ɗaki ba a shigar da su katalog ba, shi ya fi kowa buƙatar ƙirƙirarriyar basira, wadda ake kira AI, kuma shi ya fi saurin cutuwa da ita. Akasarin manhajojin nan da rubutun Turanci bugun inji aka horar da su. Abin da ya bambanta kantocinmu na Birnin Kebbi, Gusau, Argungu, Aliero ko Ƙaura Namoda da na sauran duniya kuwa shi ne kundayen digiri, littattafan Hausa marasa lambar ISBN (lambar shaidar littafi ta duniya), takardun ajami, da kaset-kaset. A kan waɗannan ne na'urar ta fi yin kuskure, kuma takan yi shi cikin lafazi mai daɗi, ba tare da alamar shakka ba.

Manyan laburaren da suka ci moriyarta ƙunƙuntaccen aiki suka ba ta. Laburaren ƙasar Finland ya ƙera manhajar Annif, wadda ke ba da shawarar kanun fanni, kuma kyauta ce. Laburaren ƙasar Jamus yana aiki da ita tun 2022. Ƙungiyar OCLC, mai kula da WorldCat, katalog ɗin haɗin gwiwar laburaren duniya, ta fara amfani da irin wannan fasaha a 2023 wajen gano bayanan littafi guda da aka shigar sau biyu. Dukansu da tarin bayanan da ƙwararru suka riga suka tantance aka koyar da na'urar. Ba wanda ya buɗe ChatGPT ya miƙa masa katalog ya tafi shan shayi.

Wuta da intanet tukuna

Kwamfutar tebur ɗaya, laftof ɗaya, sikana da na'urar intanet suna cin kimanin wat 300. A aikin awa 8, wat-awa 2,400 ke nan. Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da 2,400 a takarda, amma rabi kawai ake sha idan ana so ya daɗe, don haka biyu ake buƙata, kuma inbata za ta ci kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Farantan sola uku masu wat 300 sun isa su mayar da wannan a wuni, muddin ana goge ƙurar hunturu. A ajiye batir da kwamfuta a ɗaki mai iska, don zafin Maris zuwa Mayu yana wuce digiri 40, yana rage kwanan batir, yana kuma sa kwamfuta ta rage gudu.

Katalog ya zauna a kwamfutar da ke cikin laburaren, ko a ƙalla a riƙa sauke kwafinsa duk mako. A Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro, kuma duk abin da ke rataye da intanet ya tsaya. Koha, manhajar katalog, da DSpace, manhajar adana kundaye, suna aiki a cikin gida ko babu layi. Ana iya sauke ƙaramar manhajar basira ta hanyar Ollama, wadda ke tafiyar da irinsu ba intanet, a kwamfuta mai RAM gigabait 16, fayil ɗinta bai wuce gigabait 5 ba, sai dai Hausarta ba ta kai ta manyan ba.

Gwajin ɗari

Kafin a biya kowa ko kwabo, a zaɓi abu 100 da babban mai katalog ya riga ya shigar da hannunsa: littattafan Turanci 40, kundaye 30, littattafan Hausa 20, na Larabci 10. A ɓoye bayanansu. A ba na'urar hoton shafin take, da bayansa, da shafin ƙumshiya, da tsakure idan kundi ne. A buɗe takardar Excel mai ginshiƙi shida: sunan marubuci, take, maɗaba'a, shekara, lambar aji, kanun fanni. Kowane gurbi a sa masa daidai, ko kuskure, ko ƙirƙira. Ƙirƙira ita ce abin da babu shi a shafin sam, na'urar ta ƙago shi.

A riƙe agogo kuma. Minti nawa gyaran abin da ta kawo ya ci, minti nawa shigarwa da hannu ke ci? Idan sun yi kusa, ba riba. Kada a haɗa makin rukunan huɗu wuri ɗaya, don makin Turanci zai rufe asirin na Hausa. A ganinmu, rukunin da aka samu kuskure sama da 5 cikin 100 a suna, take da shekara, a ci gaba da yinsa da hannu. Lambar aji da kanun fanni kuwa shawara ce kawai a kowane rukuni.

Katalog

Littafin da ke da ISBN ba ya buƙatar basirar na'ura. A nemo bayaninsa ta hanyar Z39.50 da ke cikin Koha, wato hanyar leƙa katalog ɗin wasu laburare, a kwafo daga Laburaren Majalisar Amurka ko wani babban laburare, ya fi sauri kuma ya fi inganci. Wanda aka nema aka rasa shi ake kai wa na'ura.

Umarnin da za a rubuta mata ya zama ɗaya ga kowa, a manna shi a bango: ta kwafi abin da ke shafin kawai, harafi da harafi, inda babu bayani ta rubuta "babu", kada ta fassara take, kada ta gyara rubutun suna. Ga dalilin wannan tsanani. Manhajar tana hasashen kalma mai zuwa ne bisa abin da ta saba gani, kuma ta saba ganin gurbin 020, wato gurbin ISBN a MARC, tsarin rubuta bayanan katalog, cike da lamba, saboda haka sai ta cika shi. Ana gane lambar bogi da lissafi: a ninka lambobi 13 ɗin da 1 da 3 bi da bi, a tara, jimlar ta rabu da 10 ba saura. Lambobin Najeriya da 978-978 suke farawa. Cin wannan gwaji ba ya nufin lambar ta littafin ce, sai an gan ta a jikinsa. Haka take yi da shekara a gurbin 264, alhali yawancin littattafan kasuwa ba su ɗauke da shekarar bugu.

Sunaye ne babban rami. Marubucin da sunansa ya ƙare da Jega, Gummi, Bunza ko Anka, na'ura kan ɗauki garin a matsayin wurin bugu. Takan mai da Malam, Alhaji ko Liman sunan yanka, sarauta irin Magajin Gari kuma ta raba ta biyu, ta ce Gari ne sunan mahaifi. Mutum guda yakan zo da fuska huɗu: Abdullahin Gwandu, Abdullahi ɗan Fodiyo, Abdullahi bin Fodiye, Ibn Fudi. Idan ba a tsayar da siga ɗaya a rajistar sunaye ta Koha an ɗaure sauran a kanta ba, ayyukansa za su watsu, mai nema ya ga kashi ɗaya ya ɗauka shi ke nan. Wannan rajista aikin mutum ce, kuma a gama ta kafin a fara shigar da kaya da yawa, don gyara daga baya ya fi tsada.

Akwai kuma batun jiha. An ƙirƙiri Kebbi a 1991, Zamfara a 1996, duka daga tsohuwar jihar Sakkwato. Kundin 1985 kan noman shinkafa a Argungu zai ce jihar Sakkwato a takensa. Take a bar shi yadda yake a gurbin 245, amma a gurbin 651, na sunan wurin da aikin ya shafa, a sa Kebbi, in ba haka ba ɗalibin da ya nemi Kebbi ba zai gan shi ba. Na'ura kan yi ɗayan biyu: ta bar Sakkwato ko'ina, ko ta canja har cikin take.

A tsarin Dewey na ba littattafai lambar aji, harshen Hausa 493.72 ne, adabinsa 893.72. Na'ura kan tura shi 496 da 896, inda sauran harsunan Afirka irin Yarbanci da Fulatanci suke, don ta ji an ce Afirka. A tsarin Laburaren Majalisar Amurka, Hausa tana tsakanin PL8231 da PL8234, shari'ar Musulunci tana KBP, ba BP ba. Alamar harshe "hau" ce, a gurbin 041 da kuma cikin 008.

Bayan an duba, a mai da takardar Excel ɗin MARC da manhajar MarcEdit, a shigar Koha rukuni-rukuni, 50 a lokaci guda. Koha tana ba da damar janye rukunin da aka shigar gaba ɗaya idan an ga ɓarna, kuma janye 50 ya fi sauƙin janye 2,000. Duk bayanin da na'ura ta sa hannu a cikinsa a yi masa alama a gurbin 883, wanda aka tanada don nuna asalin bayani, tare da sunan manhajar da kwanan wata. Ranar da aka gano tana da wani kuskure da take maimaitawa, da wannan alama za a zaƙulo su duka.

Sikanin da karanta boko

Shafin A4 mai launi a ɗigo 300 cikin inci yana cin megabait 26 a sigar TIFF, wato shafi 1,000 gigabait 26. Kundayen da baƙin rubutu ne kawai a ɗauke su da ruwan toka, megabait 9 ya isa. A ajiye kwafi uku, biyu a faifai daban-daban, ɗaya a wani gini.

Manhajar da ke mai da hoto rubutu tana tuntuɓe a kan haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ. Ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata, ɗaki ya koma daki. Tsofaffin kundayen da aka buga da tafireta sun fi wuya, don da biro ake ƙara lanƙwasar bayan bugu, wani wurin an sa, wani an manta. Kada a gyara da umarnin canja duka, tunda kasa da ƙasa kowace kalma ce mai zaman kanta. Ana auna inganci da buga shafi biyar da hannu a gwada da na na'ura. Kuskure 5 cikin 100 a shafi mai harafi 2,000 kuskure 100 ne. Wannan ya isa a nemo kalma, bai isa a ciro magana a sa a bincike ba, don haka hoton shafin ya kasance tare da rubutun kullum.

Ba wa manhajar hira rubutun ta gyara yana da nasa haɗari, kuma ya fi shafar yankinmu. Daidaitacciyar Hausa ta fi sani, sai ta ɗauki karin harshenmu kuskure ne. Munka ta koma muka, shina ta koma yana, hwara ta koma fara, wagga ta koma wannan. Kundin da aka rubuta kan Zamfarci ko Kabanci, ko baitin waƙar fada, ya lalace ke nan ba wanda ya lura, don abin da ya fito yana karantuwa sumul. A ajiye fayil uku daban: hoto, ɗanyen rubutun na'ura, da wanda mutum ya gyara.

Ajami

Nan a yi hattara sosai. Takardun da ke cikin gafaka a gidajen malamai na Gwandu da sauran garuruwa da salon Magaribi aka rubuta su, kan ƙa'idar Warshu. Fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonsa ɗaya a sama. Manhajar da ta koyi bugun Misira ko Lebanon ɗigo ɗaya a sama fa take karanta shi, don haka kowane ƙaf ya tafi. Ɗigon imala da ke ba da wasalin e ba ta san shi ba, haka tsa mai ɗigo uku. Ajami kuma ba ya karantuwa sai da wasali, wasalin kuwa sau da yawa da jar tawada aka sa shi, wadda ke dushewa idan aka ɗauki hoto da ruwan toka. A ɗauka da launi, ɗigo 400 zuwa 600, ba walƙiyar kyamara, ba sikana mai jan takarda da kanta. Warƙoƙin ba a ɗinke suke ba: a ajiye 'yar takarda mai lamba a gefen kowane shafi ta fito a hoton, kada a yi rubutu a jikinsa, a kuma tabbatar kalmar nan da marubuci ke sawa a ƙasan shafi don nuna farkon na gaba ta shiga hoto, don da ita ake mayar da jeri idan ya hargitse.

Idan aka ba manhajar hira shafin ajami, takan dawo da Larabci mai kyau, sau da yawa addu'a ko jimlar da ta saba gani, ba abin da ke shafin ba. Wanda bai iya karatun ba zai gane ba. Hanyar da ke aiki ita ce koyar da manhaja ta musamman, Transkribus ko eScriptorium. Masu Transkribus sun ba da shawarar a fara da shafi 25 zuwa 75 da mutum ya kwafe layi-layi, kuma sakamakon ya fi kyau idan hannun marubuci ɗaya ne. A ware shafi ɗaya cikin goma kada a koyar da shi, da shi za a auna. Idan abin da ake da shi warƙa 20 ce ta wannan hannu, 15 ta wancan, wahalar ba ta biya. Ya fi a biya malamin da ya san karatun ya zauna da mai katalog, a rubuta take, mawallafi, mai kwafi, layin farko bayan bisimilla, layin ƙarshe, da yawan warƙoƙi. Wannan kaɗai ya sa an san takardar tana duniya.

Takardun na iyalai ne. A rubuta yarjejeniya da masu su: me za a ɗauka, wa zai gani, za a ɗora a intanet ko a'a. Wasu na ɗauke da nasaba, rabon gado, ko laƙanin da gidan ba ya so ya fita.

Kaset kuwa a fara ceto sautin, a sigar WAV, kilohaz 48 da bit 24 ko sama, tun zaren bai manne ba. Whisper, mai mai da magana rubutu, yana da Hausa a jerin harsunansa, amma kiɗa da amshi suna rikita shi, kuma yakan ƙago magana a inda aka yi shiru. Dakarci, Zabarmanci da Dandanci a nemi mai jin harshen.

Teburin tambaya

Tun fitowar ChatGPT a Nuwambar 2022, laburare a ko'ina na karɓar masu neman littattafan da ba a taɓa rubutawa ba. A Mayun 2025 jaridar Chicago Sun-Times ta Amurka ta buga jerin littattafai 15 na karatun hutu, 10 daga ciki na bogi ne, an jingina su ga marubuta na gaske. Idan ɗalibi ya zo ya ce, "Malam, don Allah wannan nake nema," aka duba katalog babu, a tambaye shi a hankali inda ya samo, ba a gaban jama'a ba. Sai a bi da shi: lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala, a shafin doi.org, take cikin alamar zance a Google Scholar, littafi a WorldCat, mujallar Afirka a AJOL, rumbun mujallun Afirka na intanet. Minti biyar ya isa. Bogin iri uku ne: wanda babu shi sam, marubucin gaske da taken ƙarya, da maƙala ta gaske da aka ɗora mata abin da ba ta faɗa ba. Na ukun sai an buɗe an karanta. Hadisi da fatawa ma haka, a ɗauko littafin daga kanta a ga lambar da lafazin.

Manhajojin da ke cewa suna gane rubutun na'ura kada a yanke wa ɗalibi hukunci da su. OpenAI, mai ChatGPT, da kanta ta janye tata a Yulin 2023 saboda rashin inganci, kuma binciken Jami'ar Stanford a shekarar ya nuna irin waɗannan manhajoji sun ɗauki fiye da rabin rubutun waɗanda Turanci ba harshensu ba ne a matsayin na na'ura. Ɗalibanmu ke nan. A nemi ɗalibi ya kawo manazartarsa uku ya yi bayaninsu da baki.

Sirri, haƙƙi da kuɗi

Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta hau kan laburare. Rajistar aro, lambobin ɗalibai da na waya ba sa shiga kowace manhajar hira. Idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, dokar ta ba da awa 72 a sanar da hukumar kare bayanai.

Abin da ya fi wannan tsanani a nan shi ne ratayen kundi. Al'adar bincike ce a jera waɗanda aka yi hira da su, da shekarunsu, sana'arsu, garinsu da ranar hira. Kundin da ya shafi 'yan bindiga, satar shanu, haƙar zinari ko 'yan sa-kai, wannan shafi zai iya jawo wa mutum asarar rai. Idan kundin yana kan kantar laburare, sai wanda ya zo ya sa hannu zai gan shi. Da zarar an mai da shi rubutun da ake nema a intanet, suna ɗaya ya isa. A cire waɗannan shafuka, a bi cikin babi-babi a rufe sunaye, kafin ɗorawa a DSpace ko ba wa wata manhaja. Mutum ne zai yi wannan da idonsa, don na'ura kan tsallake sunan da ya yi kama da kalma, irin Tanko, Dogo ko Bawa.

Littafin da ke ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ba a loda shi sukutum, kuma yarjejeniyar rumbunan mujallu da ake biya sau da yawa ta hana saka maƙalunsu a manhajojin waje, a karanta ta. A asusun da ma'aikata ke amfani da shi a kashe zaɓin da ke ba kamfani damar koyar da manhajarsa da abin da aka rubuta.

Kuɗin hayar manhajojin akasari da dala ne, saboda haka kasafin da aka yi da naira zai iya gazawa kafin shekara ta ƙare. Ɗan kwangilar da ya zo da manhaja a yi masa tambaya uku a rubuce: ina bayanan ke zama, za a iya fitar da su duka a sigar MARC ranar da aka rabu, kuma ya yarda a yi gwajin ɗari da kayanmu, ba da nasa samfurin ba.

Fargabar ma'aikata kan aikinsu ba ta banza ba ce, buga bayanai da hannu zai ragu. Amma haɗarin da ya fi kusa shi ne sabon ma'aikaci ya fara da duba aikin na'ura alhali bai taɓa yin nasa ba. Wanda bai san 893.72 ba, ba zai ga laifin 896 ba. Kowane sabo ya shigar da abu 200 da hannunsa tukuna, babba na dubawa. Mai dubawa ma ido kan gaji: bayan ya ga daidai sau talatin a jere, na talatin da ɗaya wucewa zai yi. A taƙaita zama zuwa awa ɗaya, kuma duk Juma'a wani daban ya zari 10 daga aikin makon ya sake bi da littafin a hannu.

Kamfanoni suna sauya manhajojinsu ba sanarwa, umarnin da ya yi aiki a zangon farko zai iya ba da wani abu daban a na biyu. A maimaita gwajin ɗari farkon kowane zango, da kayan nan guda 100, a rubuta sunan manhaja da lambar sigarta da kwanan wata a saman takardar, a jera ta kusa da ta baya.